Kamun Giwan Ruwa a Ƙarshen Kaka a Ƙasar Salaga

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar Salaga zuwa Makango don ƙetarawa Yeji ya san yadda ruwa yake a watan Nuwamba. Damina ta ɗauke, ruwan da ake saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso ya riga ya wuce ta yankin Bawku ya zubo tafkin Volta, kogin Daka mai gangarowa daga wajen Yendi kuma ya soma janyewa. To, ƙananan kifayen da suka bazu cikin fadamu sai su dawo uwar kogi ayari-ayari, giwan ruwa kuwa yana laɓe a mashiga yana jiransu.

Wannan kifi bai ci sunansa a banza ba. Babbansa kan kai kilo 200, wato nauyin ɗan bijimi ke nan, kuma matan sun fi mazan girma. Ba ruwansa da tsutsa ko dusa, nama yake so mai motsi. Shi ya sa gwanaye ke soka ƙaramar karfasa mai rai a babbar ƙugiya, su sake ta da asuba ko dab da magariba. In ya haɗiye, ba a fizga da ƙarfi. Sassauta masa igiya ake yi har ya gaji, in ba haka ba ya kife kwalekwale.

Amma fa akwai wuya. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shanye dazuzzuka ba tare da an sare itatuwa ba. Kututturan nan suna tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau. Nan ne maɓoyar giwan ruwa, nan ne kuma raga ke yagewa, jirgi ke fashewa, an sha rasa rayuka. Da ruwa ya ja baya sai haɗarin ya ƙaru, ga hazon hunturu yana rufe ido.

Abin da ya fi damunmu shi ne raga mai ƙananan idanu. Mu da ba ma yanka maraƙi saboda kuɗin cefane, muna ganin 'ya'yan giwan ruwa da ba su wuce tafin hannu ba cikin kwandunan banda. Manyan sun yi wuyar gani, in an dace da ɗaya kuwa, tun a bakin ruwa mata masu banda ke rububinsa kafin ya isa kasuwar Yeji.