Kariyar da Doka Ta Tanadar wa Baƙo a Ƙasar Waje

Kafin doka ta ba baƙo kariya, sai ta tambayi abin da ya raba shi da gida. Amsar ce ke yanke masa matsayi: ko ɗan gudun hijira ne, ko ɗan ci-rani mai takardu, ko baƙon haure. Kowane matsayi da irin haƙƙinsa, kuma yawancin wahalar da matafiya ke sha tana farawa ne daga rashin sanin inda suka faɗa.

Ɗan gudun hijira ne ya fi kowa gata. Yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda aka faɗaɗa a 1967, ta bayyana shi da wanda ya bar ƙasarsa don tsoron gallazawa saboda launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Sashe na 33 ya haramta tasa ƙeyarsa zuwa inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 31 kuma ya hana hukunta shi don ya tsallaka iyaka ba biza, muddin ya miƙa kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Afirka ta ƙara buɗe ƙofar: yarjejeniyar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙulla a Addis Ababa a 1969 ta haɗa da wanda yaƙi, mamaya ko rugujewar zaman lafiya suka kora. Irin wannan tanadi ne ya yi wa mutanen Borno da rikicin Boko Haram ya tarwatsa rana a sansanin Minawao na Kamaru da yankin Diffa na Nijar.

Talauci dai, komai tsananinsa, ba ya cikin dalilan ba da mafaka, kuma a nan ne dillalan hanya ke yaudarar matasa. Neman mafakar ma yana da ƙa'idoji masu tsauri. A Amurka, doka ta ce a shigar da buƙata cikin shekara guda da isowa, sai in akwai uzuri mai ƙarfi. A Tarayyar Turai kuwa, galibi ƙasar da mutum ya fara sauka ce ke duba takardunsa, shi ya sa wanda aka ɗauki zanen yatsunsa a Italiya ana iya mayar da shi can daga Jamus.

Mai neman abinci a Afirka ta Yamma yana da tasa hanyar. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS, wadda aka sanya wa hannu a Dakar a 1979, ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba biza, in yana da fasfo da katin rigakafi. Bayan haka sai ya nemi izinin zama. Alƙawarin bai hana Najeriya korar ɗimbin baƙi a 1983 ba, akasarinsu 'yan Gana. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta sake dagula lissafi, ko da yake ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfunansu har sai an yanke wata shawara.

Baƙon haure ma bai rasa komai ba. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya wajabta wa hukumar da ta kama baƙo ta sanar da shi cewa yana iya neman a tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarsa, haƙƙin da mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Wadda aka yi safararta da sunan aikatau, aka ƙwace mata fasfo, tana cikin waɗanda Yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta ce a taimaka musu, kuma a Najeriya hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, ita ke karɓar irin waɗannan koke-koke. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, kuma tana dawo da waɗanda suka maƙale gida bisa son ransu.

Sai dai yarjejeniya tana ɗaure ƙasar da ta amince da ita ne kawai. Libya da Saudiyya, inda Hausawa da yawa ke zuwa nema, ba su shiga ta 1951 ba. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a 2021, wanda ya sassauta wa ma'aikata sauya ubangida, bai shafi masu aikatau a gidaje ba.