Baƙin Mai a Wurin Gini: Yadda Hoton Wayarka Zai Zama Hujja

Katafila da ke ɗigar baƙin mai a wurin gini barazana ce ga rijiyoyin Tsaskiya, a yankin Safana da Batsari. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce baƙin man juye ɗaya na mota zai iya gurɓata ruwa galan miliyan 1.

Maganin ba tsada. A sa faranti ƙarƙashin injin, abin da ya zube a rufe shi da yashi a kwashe. Kada a wanke da ruwa, ƙasa zai shige.

In ɗan kwangila ya ƙi gyarawa, kunna GPS a kyamararka kafin ɗaukar hoto, don ya adana wuri da rana. Tura wa hukumar NESREA ta imel, domin WhatsApp na goge waɗannan bayanan.