Tabon da Ba Ya Zafi: Yadda Ake Karanta Ciwon Fata a Ƙasar Damargu

A cikin dukan sassan jikin ɗan Adam babu wanda ciwonsa yake bayyana ga ido kamar fata, gama mai ciwon hanta ko na ƙoda sai ya yi bayani da bakinsa kafin a san halin da yake ciki, amma mai ƙazwa ko makero tun daga nesa ake ganin abin da ya dame shi. Wataƙila wannan bayyana ce ta sa kowa ya ɗauki kansa masanin ciwon fata, har ya zama da wuya ƙurji ya kwana uku a jikin yaro ba a shafa masa wani abu ba, ko toka, ko man shanu, ko garin sassaƙe, ko wani mai da aka sayo a tebur ran kasuwa, alhali kuwa babu wanda ya tsaya ya dubi ƙurjin da kyau balle ya san sunansa.

A Falanko da sauran garuruwan Damargu, daga gundumar Tanut har zuwa Belbeji, fata tana shan wahalar da ba ta sha a wasu wurare. Iskar hunturu tana busar da ita har ƙafa ta yi faso, ruwa kuwa sai an jawo shi daga rijiya mai zurfi, saboda haka na sha da na dabbobi ake fara cirewa kafin a zo kan na wanka da wanki. Manomi yana shiga gonar gero da ƙafa a waje, makiyayi yana ratsa ƙaya da ƙarangiya, yara biyar ko shida suna kwana a tabarma guda da mayafi guda. Ga kuma nisa, domin wanda ya tashi daga ƙauye zai fara da ɗakin shan magani na kusa, daga nan sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sa'an nan asibitin gunduma a Tanut, in abin ya faskara sai babban asibitin Damagaram. Mutumin da zai bar gonarsa ko garkensa ya yi wannan tafiya yana bukatar ya san wane ciwo ne ya cancanci tafiyar, kuma me zai faɗa in ya isa.

Malaman ɗibbu tun da daɗewa sun gane cewa siffantawa tana gaba da magani. Abubakar Arrazi, babban likitan nan na Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, shi ne ya rubuta risalar da ta bambanta agana da ƙyanda, ba da wata na'ura ba, sai da tsayar da ido a kan maras lafiya da lura da yadda ƙurajen suke fitowa. Bayansa da ƙarnoni, wani likitan Ingila mai suna Robert Willan ya kasa cututtukan fata kashi takwas bisa ga kamanninsu, littafinsa ya fito a 1808, kuma har yau a kan wannan tafarki ake koyar da ɗalibai: a tambaya, a duba, a taɓa, sa'an nan a sa suna, sa'an nan a ba da magani.

Tambayar ba ta da wuya, sai dai tana bukatar gaskiya. Yaushe abin ya fara, a wane wuri ya fara, yana ƙaiƙayi ko zafi ko kuwa ba ya komai, akwai wani a gida mai irinsa, an sha wani magani kafin ya fito, kuma me aka shafa masa. Dubawar ita ce ta fi son natsuwa, kuma a hasken rana ake yin ta, ba a cikin ɗaki da fitila ba. Likita yana so ya rarrabe tsakanin tabo, watau wurin da launi ya sauya amma in ka shafa ba ka jin tudu, da ƙurji wanda ya taso yana da tauri, da bororo mai ruwa garai, da maruru mai mugunya, da ƙullutu da ke ƙarƙashin fata, da gyambo inda fatar ta cinye ta yi rami. Yana duba girmansa da yawansa, da bakinsa ko a tashe yake ko a shafe, da ko yana saɓa ko ya yi ɓawo, da yadda ya jeru a jiki, gama ƙurajen da suka fito a gefe ɗaya kawai suka bi haƙarƙari kamar ɗamara, masu zafi da ruwa, daban suke da waɗanda suka bazu ko'ina. Akwai wani abu da ya kamata ma'aikatan lafiya namu su riƙa tunawa: yawancin littattafan wannan fanni da hotunan farar fata aka yi su, suna cewa a nemi ja, alhali a baƙar fata wurin da ya kumbura duhu yake ƙarawa ko ya yi sheƙi, don haka bayan hannu da ke jin ɗumi ya fi ido faɗin gaskiya.

To, a nan ne shafe-shafe yake yin ɓarna. Mai bin sawun raƙumin da ya ɓace, in ya iske garke ya riga ya tattake wurin, gwanintarsa ba ta da amfani. Haka likita yake in aka kawo masa ciwon da aka tsaga, aka ƙona, aka lulluɓe da gari. Mafi sharri a zamanin nan shi ne man nan mai ƙarfi da ke ɗauke da sinadarin betamethasone ko clobetasol, wanda ake sayarwa ba takardar likita, wasu mata kuma suke shafawa don hasken fata. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mai shi ya yi hamdala, amma in makero ne sai ya ƙara faɗi ya ɓata kamanninsa, fatar kuma ta yi sirara ta riƙa tsagewa. Ba ina raina wanzami ko mai maganin gargajiya ba, domin su ne ke kusa da talaka lokacin da babu kowa, kuma man kaɗanya a kan busasshiyar fata alheri ne. Abin da nake roƙo shi ne a bari a gani tukuna.

Cututtukan da suka fi yawa sauƙin ganewa gare su. Ƙazwa wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a fata tana ƙwai, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da kewayen cibiya. Maganinta na shafawa ne, benzyl benzoate ko permethrin, a shafe jiki duka daga wuya zuwa ƙafa, amma sharaɗin shi ne dukan mutanen gida su yi a rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, domin takan yi mako huɗu zuwa shida a jiki kafin ƙaiƙayi ya bayyana. A wanke tufafi da mayafi a shanya a rana. Malamin tsangaya da ya yi wa almajiri ɗaya magani ya bar sauran, aikin banza ya yi. Makeron jiki mai na shafawa yana isarsa, amma na kai, wanda ke cinye gashin yara, sai an sha ƙwayar griseofulvin mako shida zuwa takwas, kuma aska ɗaya da aka aske yara goma da ita ita ce ke yaɗa shi. In an yi shakka, akan kankare ɗan saɓar a duba a madubin likita. Ƙurajen yara masu ɓawo ruwan zuma kuwa sabulu da ruwa da maganin ƙwayoyin cuta suke so, kuma in bayan makonni aka ga fuskar yaro ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, to cutar ta taɓa ƙoda, a koma asibiti.

Amma inda nake so mai karatu ya daɗe shi ne a kan ciwon da ba ya zafi, gama ɗabi'ar mutum ce ya auna cuta da raɗaɗinta, kuma a fannin fata wannan ma'auni yaudara ne. Kuturta ba da guntulewar yatsu take farawa ba. Da tabo take farawa, tabo mai haske fiye da sauran fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, wani lokaci ba ya gumi, yana iya shekara a gadon baya mai shi bai ma sani ba. Jarrabawarta ɗan silin auduga ne: a sa mutum ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata ya nuna wurin, a taɓa tsakiyar tabon; in bai ji ba, hujja ta samu. Likita zai kuma laluba jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa ya ji ko sun yi kauri. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873, ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma alamar fushin Ubangiji ba ce, kuma mafi yawan mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita ko sun zauna da mai ita. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da magani mai haɗin ƙwayoyi, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi: wata 6 ga mai tabo biyar ko ƙasa da haka, wata 12 ga wanda nasa suka fi. Da an fara sha, ba a daɗewa mutum ya daina yaɗa ta. Maganin yakan sa fitsari ja, yakan ƙara wa fata duhu na wani lokaci, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne. Sai dai magani yana kashe ƙwayar cuta ne, ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu, kuma a kan wannan gaɓa ce rayuwar mutum take rabuwa biyu: wanda ya zo da tabo ya warke babu mai sani, wanda ya ɓoye don kunya har hannu ya daina jin zafin tukunya ya zauna da naƙasa. Asibitin Danja kusa da Maraɗi ya shekara da yawa yana kula da irin waɗannan bayin Allah, amma gwajin auduga ba ya bukatar a je Danja.

Akwai 'yan'uwan kuturta a wajen shiru. Wani kumburi ne da ke fitowa a ƙafar manomi ko makiyayi bayan sukar ƙaya, mai tauri, ba zafi, yana girma a hankali shekara da shekaru, daga baya ya huje wurare da yawa yana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko jajaye ko farare. Likitoci suna kiransa mycetoma, ya yawaita a ƙasashen Sahel daga Sanagal zuwa Sudan, kuma in ya kai ƙashi sau da yawa sai an yanke ƙafar. Wani kuma gyambo ne mai tasasshen baki a fuska ko hannu ko ƙafa, wanda cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa, yana watanni bai warke ba. Tun 1911 wani likitan Faransa mai suna Stevenel ya ba da labarin irinsa a ƙasar Damagaram. Mahauci ko makiyayin da ya feɗe dabbar da ta mutu farat ɗaya, ya ga ƙurji mai baƙin tsakiya da kumburi kewaye, ba zafi, shi ma ya gaggauta, domin ciwon saifa na dabbobi ne ya kama shi, kuma yana jin magani in an zo da wuri.

Wasu alamomi kuwa ba a kwana da su ko da amalanke za a ɗauki mutum: ƙuraje tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya; fata da ke saluɓewa da gyambon baki da ido bayan an sha wani magani; kumburi mai zafi da ke hawa ƙafa cikin sa'o'i; da yaro mai tamowa wanda dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa yana wari, kuncinsa ya kumbura, gama wannan cuta tana cin fuska cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da irin waɗannan yara a birnin Damagaram.

Dattawan Damargu suna tuna agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980, suna kuma tuna kurkunu, wadda take kwantar da manoma a tsakiyar damina, har aka shaida Nijar ta rabu da ita a 2013 ta hanyar tace ruwan sha da kai rahoton kowane mai ita. Kuturta ma ba ta fi ƙarfin mutane ba, in limamai da masu gari da malaman makaranta suka cire wa jama'a kunyarta. Ya mai karatu, ka dubi bayan 'ya'yanka a hasken rana, ka sa wani ya dubi naka. In an ga tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kada a shafa masa komai, a kai shi CSI mafi kusa a cikin makon nan.