Maciji Mai Hular Aro

Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A dazukan Malesiya da Singafo da tsibiran Borneo da Sumatra akwai wani ɗan maciji da ya daɗe yana shan irin wannan ruwa. Masana na kiransa Calamaria schlegeli, sunan da aka raɗa masa a 1854 don karrama Hermann Schlegel, Bajamushe masanin dabbobi.

Da ƙyar tsawonsa ke kaiwa kamu ɗaya. Kansa ja ne ko jaja-jaja, jikinsa baƙi mai sheƙi, cikinsa kuwa fari-fari. Ba a gane inda kai ya ƙare wuya ya soma, idanun 'yan mitsi-mitsi, wutsiyar guntuwa. Halittar mai kutsawa ce. Yana wuni ƙarƙashin ruɓaɓɓun ganyaye, sai dare ya yi ya fito kiwo. Danginsa sun haura iri sittin, yawancinsu tana ce cimarsu. Ba shi da dafi ko na miskala zarratin.

To, me ya hana shaho da sauran maharan daji su cinye shi? Sirrin yana ga maƙwabcinsa, Calliophis bivirgatus, mai jan kai shi ma, wanda jakar dafinsa ta miƙe har kusan rubu'in jikinsa, abincinsa kuma 'yan'uwansa macizai. Masana da dama na ganin wannan kamannin ne garkuwar ƙaramin. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura, kuma ashe ba mutum kaɗai ba ne. Henry Bates, Baturen Ingila, ya bayyana wannan dabara tun 1862, bayan nazarin malam-buɗe-littafi a dajin Amazon.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Mai dafin wutsiyarsa da cikinsa ma ja ne, ga layi shuɗi a kowane gefe; mai aron kuwa a hula kaɗai ya tsaya. Kama da wane ba ta wane.

Amma wa zai tsaya duban wutsiya cikin duhu? Hular da ke korar tsuntsu ita ke jawo masa sandar manomi. A nan mutum ya kamata ya koyi halin shaho: in ka ga jan kai, kar ka ɗauka, kar ka daka. Ba shi hanya ya wuce. In mai dafin ne ka tsira, in mai aron ne shi ya tsira.