Jabo: Ana Noma, Amma Ina Ma'aji?

Shirinmu na yau ya yada zango a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, garin da ake kiran hakiminsa Sarkin Burmi, kamar takwaransa na Bakura. Bayan jihadin 1804, ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu ta cika da garuruwan ribaɗi, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal. Garin ribaɗi kuwa ba da ganuwa kaɗai yake tsayuwa ba, sai da rumbu. Mutanen da hatsinsu ya ƙare kafin damina ba sa iya tsare ƙofar gari.

To, rumbun nan shi ne abin da ya gagari manomin yankin a yau. Gero da dawa da wake suna jure ajiya, ko da yake ƙwari na yi wa wake ɓarna. Amma kuɗin manomi a fadama suke, a albasa da kayan lambu na rani, su kuwa ba sa jira. Kowa kan cire albasarsa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga bashin iri da na man injin ban ruwa a wuya. Dole ya sayar. Ɗan kasuwa ya loda mota ya bi hanyar Jega zuwa kudu, in buhu ya yi tsada bayan watanni, ribar ta riga ta bar garin. Wanda ya daure ya zuba a rudu, zafi da laima su ci rabonsu.

Wani zai ce taki ne matsala, ba ajiya ba. Gaskiya taki ya yi tsada. Sai dai in an ninka amfani ba wurin ajewa, arahar kaka aka ninka. Wani kuma zai ɗora laifi kan dillali, alhali dillali bai ƙirƙiro gaggawar manomi ba, tarar da ita ya yi.

Mazaɓar Tambuwal da Kebbe ta fitar da kakakin majalisar wakilai a 2011, wanda ya zama gwamna a 2015, don haka ba a rasa masu jin kukanta a sama ba. Manoman Jabo, ku haɗa kai cikin ƙungiya, ku nemi ma'ajin albasa mai shan iska da rancen da za a biya bayan kaka ta wuce.