Tanis a Ƙasar Haɗejiya: Aikin Ƙafa da Ido

Shirinmu na musamman na yau a kan wasan tanis ne, kuma da matasan Haɗejiya muke, har da na Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Guri da Birniwa.

Duk wanda ya fara riƙe raket, ƙarfin damtse yake nunawa. Ya ɗaga ya maka, ƙwallo ta haura katanga. Ƙwararren mai horarwa kuwa ƙafafun yaro yake fara dubawa, kuma yana da hujja. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa mita 8.23 idan mutum biyu ne ke karawa. Bugun farko na manyan 'yan wasa kan wuce gudun kilomita 200 a awa, wato cikin kamar rabin daƙiƙa ƙwallo ta iso. Wanda ƙafarsa ta makara, hannunsa ba zai cece shi ba.

To yaya ake yi? Daidai lokacin da abokin karawarka zai bugi ƙwallo, sai ka ɗan yi tsalle ƙasa-ƙasa, ka dira a kan yatsu, ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe. Daga nan ko hagu ko dama, jiki a shirye yake. Da ka kusanci ƙwallo, ka rage tsawon taku, ka daidaita tsayuwa da ƙananan taku, kana bugawa ka koma tsakiya. Nan ne ma muke da gado. Yaron da ya tashi yana langa a dandali, ƙafa ɗaya a riƙe, yana ture yana kauce wa ture, ya riga ya samu ƙarfin idon sawu da daidaiton jiki. A ganina duk mai koyar da tanis a ƙasar nan ya kamata ya sa langa cikin atisaye.

Sai ido. Ana yawan ce wa mai koyo ya zuba wa ƙwallo ido har ta taɓa raket, amma ido ba ya iya bin abu mai irin wannan gudu tun daga farko har ƙarshe. A shekarar 2000, masu bincike biyu a Ingila, Michael Land da Peter McLeod, sun auna idanun 'yan wasan kurket, suka ga ido kan riga ƙwallo zuwa inda za ta dira, ya jira ta a can, kuma gwanaye sun fi saurin yin haka. Darasin ya shafi tanis: karanci kafaɗar abokin karawa da yadda ya karkata raket, ka yi hasashen madira. Sannan kada kai ya motsa lokacin bugu. Ku dubi hotunan gwanin tanis Roger Federer: ƙwallo ta tafi, idonsa na nan inda ya buge ta.

Wani zai ce ina filin yake? Bango ya isa a fara. Ja layi a jikinsa a tsayin santimita 91, tsayin raga ke nan a tsakiya, ka riƙa bugawa sama da layin kana ɗan tsallen nan kafin kowane bugu. Ka ɗiga wa ƙwallon tawada, ka riƙa neman ɗigon da ido tana tahowa. Björn Borg na Suwidin, mai kofin gasar Wimbledon 5, da ƙofar garejin gidansu ya fara. A bazarar Haɗejiya dai a yi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

Ons Jabeur ta Tunisiya a filayen otal-otal ta koyi wasa tana yarinya, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a gasar a 1983. Ga kuma gasar Dala Hard Court nan kusa a Kano.

Kiranmu ga shugabannin makarantu da masu kula da wasanni a Jigawa: a ware bango guda da fili mai daɓe a kowace sakandare, a sayo raket da ƙwallaye, a bai wa maza da mata lokacinsu.