Yadda matasan wani ƙauye a Senegal suka farfaɗo da dajin bakin teku da fari ya kashe

Duk shekara idan damina ta kankama a yankin Casamance da ke kudancin Senegal, samari da 'yan mata kan naɗe ƙafar wando su kutsa cikin laka da buhuna a kafaɗa. Sukan jira ruwan teku ya janye, su jeru sahu-sahu, kowa ya riƙa cusa wani dogon iri kore a cikin taɓo, sannan ya ƙara gaba.

Abin da suke dasawa shi ne mangurof, itacen da ke tsirowa a inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Yana jure gishirin da ke kashe sauran itatuwa, kuma saiwoyinsa kan fito sarari su sarƙe da juna kamar ƙafafun gizo-gizo.

Aikin da ya faro daga ƙauye guda a 2006 yanzu ana lissafa shi cikin manyan ayyukan dasa irin wannan itace a duniya.

Yadda dajin ya mutu

Farin shekarun 1970 da 1980, wanda ya halaka dabbobi da amfanin gona a arewacin Najeriya da Nijar, bai bar gaɓar tekun Senegal ba. Da ruwan sama ya ragu, ruwan daɗin da ke gangarowa daga koguna ya ja baya, gishiri ya yi yawa fiye da yadda itatuwan za su iya jurewa.

Sai kuma hannun ɗan Adam. An sare itatuwan domin girki, ƙyafe kifi da rufin ɗaki. Wasu hanyoyin mota da aka shimfiɗa a kan fadamu sun toshe mashigar ruwa. Rikicin 'yan awaren Casamance da ya ɓarke a 1982 ya ƙara dagula al'amura.

An ƙiyasta cewa Senegal ta yi asarar kusan hekta 45,000 na wannan daji tun daga shekarun 1970, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take da shi.

Waɗanda suka fi ji a jika su ne manoman shinkafa, musamman 'yan ƙabilar Jola waɗanda shinkafa ce abincinsu da gadonsu. Da itatuwan suka mutu, ruwan gishiri ya samu hanyar shiga gonaki, ƙasa ta yi fari fat, shuka ta daina fitowa. Kifi, jatan lande da ƙaguwa da ke hayayyafa a tsakanin saiwoyin suka yi ƙaranci. Matan da ke ɗebo kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ke manne wa saiwoyin, su ma sana'arsu ta ja baya. Matasa da dama suka tattara suka nufi Dakar, wasu kuma suka hau kwalekwale da niyyar tsallakawa Turai.

Daga Tobor aka fara

Tobor ƙauye ne da ke kusa da birnin Ziguinchor, a ɗaya gefen kogin Casamance. A 2006 matasan ƙauyen suka haɗa hannu da ƙungiyar kare muhalli ta Oceanium da ke Dakar, ƙarƙashin jagorancin Haidar El Ali, wani gwanin nutso a teku ɗan Senegal mai asali da Lebanon. A wannan daminar suka dasa iri kusan 65,000.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne yanayin itacen kansa. Nau'in da ake kira Rhizophora ba ya zubar da ƙwaya kamar sauran itatuwa. Irinsa yana tsiro tun yana rataye a jikin uwar, ya yi tsawo kamar ɗan zogale. Idan ya nuna sai a tsinko shi, a ware mai kyau, a soka shi a laka. Ba a buƙatar gandun renon tsirrai, taki ko ban ruwa, domin teku ce ke shayar da shi duk lokacin da ta cika.

Da maƙwabta suka ga tsiron ya kama, sai ƙauyuka suka fara neman a zo musu. Ma'aikatan Oceanium sun riƙa zagayawa da majigi suna haska fina-finai da daddare a dandalin gari, a tattauna, kashegari a fita dashe. Cikin shekara biyu lissafin ya koma na miliyoyi.

Kamfanin Danone na Faransa ya shigo da kuɗi, daga baya asusun Livelihoods ya ci gaba da ɗaukar nauyi. A cewar asusun, an dasa itatuwa miliyan 79 a yankunan Casamance da Sine Saloum, inda mutum kusan 100,000 daga ƙauyuka 350 suka shiga aikin. Shi kuwa Haidar El Ali an naɗa shi ministan muhalli a 2012.

Me ya sa duniya ta damu?

Saiwoyin mangurof na karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, suna kuma riƙe laka don kada teku ta cinye ƙasa. A daidai lokacin da sauyin yanayi ke sa teku ƙara tumbatsa, wannan katanga ce da talaka zai iya ginawa da hannunsa.

Masana sun kuma gano cewa dajin na adana iskar kabon da ke ɗumama duniya fiye da dajin tudu ninki-ba-ninki, kuma mafi yawanta a cikin lakar da ke ƙarƙashinsa take. Wannan ne ya jawo kamfanonin Turai, waɗanda ke biyan kuɗin dashe domin a rubuta musu kabon ɗin da itatuwan suka zuƙe a madadin hayaƙin da suke fitarwa.

Inda gizo ke saƙar

Ba duk abin da aka dasa ke rayuwa ba. Inda gishiri ya yi yawa ko ruwa ba ya kaiwa, tsiron kan bushe. Masana na gargaɗin cewa dasa nau'i ɗaya a ko'ina kuskure ne, domin akwai wuraren da nau'in Avicennia ya fi dacewa da su, shi kuma yana buƙatar reno kafin dashe. Wani lokacin ma buɗe wa ruwa hanyar da aka toshe ya fi dashen amfani.

Akwai kuma muhawara kan cinikin kabon: nawa ne ke isa hannun waɗanda suka shiga lakar, kuma wa ke da iko da dajin bayan an sa hannu a yarjejeniyar shekara 20?

Tambayar ta shafi Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin wannan daji. A yankin Neja Delta malalar ɗanyen mai ta kashe shi a wurare da dama, kamar yadda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011, kuma yanzu can ma ana ƙoƙarin sake dasawa.

A Tobor dai, irin da aka soka a laka a 2006 ya zama itatuwa da suka fi mutum tsawo, kuma su ne ke samar da irin da ake tsinkowa domin dashen kowace sabuwar damina.